Ƙwayar Yamma

Duk wadda ta ga mai ɗinkin da ake kira Tela a bencin asibitin nan, mijinta Direba a gefe rungume da jakarta, sai ta ce ta yi dacen miji. Sauran matan da ke layi yawanci su kaɗai suke zuwa, ko da wata ƙanwa da aka matsa wa ta raka su, amma Direba bai taɓa fashi ba. Shi ke ajiye motar hayarsa ya kawo ta, shi ke karɓar magani a taga, shi ke amsa tambayar likita tun ba ta buɗe baki ba. Wannan na ƙarshen ne babu wadda ta lura da shi, kuma a nan ɓarnar take.

Ciwon daji ne ya kama ta a nono. Aka yanke, aka yi ta ɗura mata allurai har gashinta ya zube, daga baya ya sake ɓullowa a hanta. Likita ya gaya musu ba ɓoye-ɓoye cewa magungunan da ke hannunsu sun gaza, amma akwai wani sabo da ake gwadawa. Ba a sayar da shi a ko'ina, sai waɗanda aka ɗauka cikin gwajin ake ba wa. Aka ɗauki Tela. Ƙwaya biyu ce a rana, safe da yamma. Duk bayan wata biyu za a sa ta a na'urar hoto a auna ƙarin da ke hantarta. In ya ragu ko ya tsaya, ta ci gaba da karɓa. In ya girma ya wuce iyaka, an cire ta ke nan, domin masu maganin hoton suka yarda da shi, ba bakin mara lafiya ba.

"Ashe ku ma awo kuke yi, Likita," in ji Tela.

"Awo muke yi," ya ce yana dariya. "Sai dai namu tef ɗin a cikin kwamfuta yake."

Ɗakin hoton sanyi gare shi kamar cikin firji. Sukan kwantar da ita a wani siririn gado, su tura mata ruwa ta jijiyar hannu, ta ji ɗumi ya ratsa ta har ta zaci fitsari ne ya kufce mata. Gadon ya ja ta cikin bakin na'urar, wata murya ta ce ta ja numfashi ta riƙe. Tela takan riƙe har kanta ya fara juyawa, wai kada ta ɓata musu aiki.

Hoton farko bayan ta fara shan maganin ya zo da alheri. Likita ya jera biyu a allon kwamfuta, na da da na yanzu. Ita dai toka-toka kawai take gani, sai da ya nuna mata wani tabo mai duhu da aka ja wa layi a tsakiya. A na yanzu layin ya gajarce, ko yaro zai gane. Ta yi kuka a gaban mutane ba kunya. Cikin makon ta kakkaɓe ƙurar keken ɗinkinta, ta aika wa masu kayan da suka daɗe a hannunta cewa ta dawo aiki.

Farin cikin nan shi ya jawo mata. A ɗakin da ke kusa da ƙofar gida Inna take kwance, mahaifiyar Direba, ita ma da nata dajin a hanji. An sallamo ta da maganin rage zafi kawai, saboda tsufa da raunin ƙoda. Ranar hoton nan Direba ya roƙi Likita ya sa tsohuwar cikin gwajin. Likita ya ce ba zai yiwu ba, nata ciwon wani iri ne daban, maganin ba zai taɓa shi ba, ƙila ma ya ƙarasa mata ƙodar. Direba ya ce to, Allah ya saka. A mota kuwa sai ya yi tsaki ya ce, "Daji ai daji ne. Su dai ba sa son tsofaffi."

Bayan 'yan kwanaki yayarsa ta zo, wadda kowa ke kira Yaya Babba. Mace ce mai girman jiki da girman murya, ba ta zama a gidan, amma ko labule ba a canzawa sai an ji ta bakinta. Ta shiga ɗakin Tela, ta ture yadin da ke kan kujera ta zauna. Direba ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota.

"Amaryarmu, jiki ya yi kyau, har kumatu sun dawo," in ji ta. "To, magana muka zo da ita. Ke kin samu sauƙi, Inna kuwa kullum baya take yi. Ƙwaya biyu ake ba ki. Ki sha ta safe, a ba Inna ta yamma."

Tela ta ɗaga ƙafa daga kan keken. "Yaya, Likita fa ya ce ba irin nata ba ne."

"Likita uwarsa ce?"

"Ya ce kada in tsallake ko guda. In hoto ya nuna..."

"Hoto ya riga ya nuna, ai mun ji. Abu ya ragu. Wanda ya ci ya ƙoshi ba ya taya mai yunwa da loma ɗaya? Ke da kike da ƙuruciya, jininki ma kaɗai ya isa ya ƙarasa aikin."

Tela ta dubi mijinta. Shi makullinsa yake kallo. "Baban yara, kai ma ka ji abin da ya ce."

"Na ji," ya ce a hankali. "Amma ki sa kanki a matsayina. Ina kwana ina jin nishin uwata ta bango, ga magani a gidana. Na ɗan lokaci ne, da ta ɗan farfaɗo shi ke nan. Kuma kada Inna ta sani, kin san halinta, ba za ta karɓa ba. Zan ce mata sayo shi na yi."

Ba ta ce ta yarda ba, kuma babu wanda ya jira ta ce. Daga ranar kwalin maganin ya koma aljihun mota, aka sa masa makulli. Da safe kafin ya fita ya ɓallo mata guda daga kati. Da yamma in ya dawo ya ɓallo ta biyu ya sa a ɗan faranti, kuma da yake Tela ce ke jinyar Inna, ita ake miƙa wa ta kai. Ta ratsa tsakar gida da ranta a faranti, ta tallafo kan tsohuwar, ta sa mata a baki, ta ba ta ruwa. Inna ta haɗiye ta ce, "Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ke ma Allah ya ba ki masu yi miki, 'yar nan." Tela ta ce amin.

Direba ba jahili ba ne. Ya ji ma'aikaciyar jinyar da ke kula da 'yan gwajin, wadda suke kira Sista, tana cewa jinin da take ɗiba yana nuna ko magani na jiki. Saboda haka in ranar asibiti ta matso, sai ya mayar wa Tela ƙwayoyinta biyu na 'yan kwanaki, kamar yadda yake gyara fitilar mota ana gobe za a duba ta. Katunan da aka shanye kuma ya jera su tsaf ya kai wa Sista ta duba. Sista har misali take yi da su. "Ku dubi wannan bawan Allah," takan ce wa sauran matan. "Ko guda matarsa ba ta taɓa mantawa ba."

A hoto na biyu layin bai gajarce ba, bai kuma ƙaru ba. Likita ya daɗe yana kallon allon, yana taɓa haɓa.

"Ya tsaya. Ba laifi, za mu ci gaba. Sai dai na so in ga ya ƙara sauka, yadda ya fara da kyau. Kina sha yadda aka ce?"

"Da hannuna nake ba ta, Likita," in ji Direba.

Likita ya dube ta. Ta tuna 'ya'yanta biyu da ke makaranta, ta tuna cewa motar mijin nan nata ce za ta mayar da ita gida, gidan kuma nasa ne. Ta gyaɗa kai.

A hanya ta roƙe shi. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce masa ya dubi Allah ya dubi yaran nan, abin ya daina sauka tun da aka raba maganin.

"Ke dai ba kya godiya," ya ce yana kallon titi. "Mutumin nan da bakinsa ya ce ba laifi. Rabi kike sha amma ya tsaya cak, ga Inna har ta fara shan shayi. Kowa ya samu, me kike so kuma?"

Inna ta sha shayi ranar ne don an canza mata maganin zafi, amma wa zai faɗa masa ya ji?

Daga nan kwanakin Tela suka fara lalacewa. Wani nauyi ya tsaya mata a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, in ta taka keke sai ta ji kamar ana soka mata tsinke. Ɗinkin da take gamawa a yini ya koma mako. Masu kaya suka fara zuwa da fara'a suna karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, suna cewa ba sa son su wahalar da ita. Rigunanta ta rage musu kafaɗa da hannunta, ta buɗe musu ciki, domin sama tana bushewa, ciki yana tasowa. Abinci in ta kai baki sai ya ƙi wucewa.

Ta je wurin wanta, shi kaɗai ya rage mata a dangi na kusa. Ya saurare ta har ƙarshe a bayan kantinsa, sannan ya ce, "Ƙanwata, abin da ciwo. Amma in na je na ce wa mutum ya hana uwarsa magani, da wane baki? Gobe in tsohuwar ta cika, ke za a nuna da yatsa har ki mutu. Ki yi haƙuri, ki yi ta addu'a." Ya zuba mata madara da sukari a leda, ya raka ta bakin titi.

Sau ɗaya ta yi ta maza. Wata yamma, tsakanin ɗakinta da na Inna, ta tsaya a bayan tankin ruwa ta jefa ƙwayar a bakinta, ta haɗiye ba ruwa. Ta kai wa Inna ruwa zalla ta ce yau babu magani. Tsohuwar ba da wata manufa ba ta tambayi ɗanta ko maganin ya ƙare ne. Direba bai zage ta ba, bai ɗaga mata hannu ba, da ma ba halinsa ba ne. Zama ya yi a bakin gado ya dafe kai, hawaye na zuba, yana cewa bai taɓa zaton akwai ranar da za ta yi wa uwarsa haka ba. Washegari Yaya Babba ta iso tun kafin a share gida.

"Sata! Daga bakin tsohuwa mai jiran ƙarshenta! Mu muka ɗauki jinyarki, ƙanina ya kashe sana'arsa yana jigilarki, sakayyar ke nan?"

"Yaya, maganina ne," in ji Tela.

"Naki? Wa ya kai ki asibitin? Da ƙafarki kika je?"

Daga ranar Direba ya karɓi kai wa Inna da kansa. Da jikin tsohuwar ya ƙara rikicewa, ƙafafunta suka kumbura, Yaya Babba ta yanke cewa guda ɗaya ce ba ta isa ba. Sai ya zama wata safiyar Tela ta ji tashin mota ba a ba ta komai ba. In ta yi magana da yamma ya ce mantawa ya yi, gobe zai ba ta. Ya daina haɗa ido da ita. Ya koma sayo mata lemo da ayaba kullum yana ajiyewa a kan keken, su yi kwanaki a wurin har su ruɓe.

Ranar hoto na uku da ƙyar ta hau gadon. Da muryar ta ce ta riƙe numfashi, ta kasa, sai da aka maimaita. A ofis Likita bai yi wasan da ya saba ba. Ya juyo da allon. Layin ya yi tsawo, ga wasu ƙananan tabo biyu a gefe da babu su a da.

"Ya girma, ya wuce iyaka, kuma ya haihu," ya ce. "Ki gafarce ni. Dole mu tsayar da maganin daga yau. Za mu rubuta cewa ya yi miki aiki da farko, daga baya ciwon ya fi ƙarfinsa. Za mu ba ki na rage zafi."

Direba ya zabura. "Likita, a ƙara mata ko na wata ɗaya ne mana! A taimaka!"

Likita ya dube shi da tausayi, ya ɗauka don matarsa yake roƙo.

Da suka fito Tela ta ce za ta kewaya. Ta bi ta bayan layin, ta samu Sista ita kaɗai tana jera kwalaben jini. A tsaye ta faɗa mata komai, da ƙwayar yamma, da aljihun mota, da kwanakin da ake cika mata kafin ɗibar jini. Sista ta saki abin da ke hannunta ta zauna.

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun bayan hoton farko."

"Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa a na biyu? Da kin ko ƙifta min ido! Da mun riƙe maganin a nan kina zuwa kina sha a gabana."

"Yana tsaye a kaina, Sista."

Sista ta shiga wurin Likita, ta daɗe, ta fito idonta ja. Ta ce za a gyara abin da aka rubuta, kada a ɗora wa maganin laifin da ba nasa ba, domin akwai mata da yawa da ke jiran sakamakon gwajin nan. Ta ce a kawo tsohuwar da gaggawa a duba ƙodarta. Amma batun mayar da Tela cikin gwaji, babu hanya. Hoto ya riga ya tafi wurin masu maganin, kuma dokarsu ba ta tambayar dalilin da ya sa ƙari ya girma.

"Ko na mako biyu, in sha daidai, a sake ɗauka a gani?" in ji Tela.

Sista ta girgiza kai, ta riƙe hannunta.

Direba ya ja motar har suka shigo layinsu. Ya kashe injin, ya zauna riƙe da sitiyari.

"Yanzu me zan ce wa Inna?" ya ce. "Da jikinki ya daure ko na wata biyu ne, da ba a yanke mata maganin ba."

Tela ta juyo ta dube shi sosai, ta ga da gaske yake, har cikin ransa shi aka zalunta. Abin takaici, kalmar da ta saba fita ita ta fito, ta ce masa ya yi haƙuri. Ta gaya masa kuma an ce a kai Inna a duba ƙodarta. Ya ce in Yaya Babba ta zo za su yi shawara.

Irin wannan zalunci ba ya barin tabon da maƙwabta za su gani. Ba a ji duka ba, ba a ji zagi ba, ba a hana ta abinci ba. In ta mutu, unguwa za ta shaida cewa mijinta ya yi jinya har motarsa ta tsufa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi zai ce uwa ya duba, yayarsa ta ce zumunci ta riƙe, wanta ya ce zaman lafiya ya nema mata. Kowa da hujjarsa mai kyau, ita kuma da hanta guda ɗaya.

Da rana ta yi sanyi ta lallaɓa ɗakin Inna da ruwan ɗumi don ta goge mata jiki, tana dafa bango. Tsohuwar ta bi ta da ido har ta zauna.

"'Yar nan, turo ƙofar nan," in ji ta. "Kwana biyu ina kallonki. Kin fi ni lalacewa, idonki har ya yi ɗorawa. Maganin asibitin nan naku ba ya yi miki komai."

Ta laluba ƙarƙashin matashi, ta jawo wani ƙullin tsumma, ta kwance da ƙyar. Ƙwayoyi ne 'yan kaɗan, wasu sun ɗan narke a gefe.

"In ya sa min a baki sai in riƙe a kunci, in ya fita in cire. Ni tawa ta ƙare, ke ce mai yara. Ungo, gwada nawa, an ce mai ƙarfi ne. Kada ki gaya wa mijinki, ransa zai ɓaci, da wahala yake samo min shi."

Ta danƙa mata a tafin hannu, ta naɗe mata yatsu a kai. Tela ta zauna tana kallon hannun nata. Ƙwayoyin ba su kai na kwana uku ba.

"Sha mana, 'yar nan, ga ruwa."

"Na gode, Inna," in ji Tela. "Zan sha."

Ta ƙulle su a bakin zaninta, ta matse tsumman wanka, ta fara goge wa tsohuwar ƙafafu.